Jakar da ke ƙarƙashin gadon Nana

Wasiƙar wannan makon daga Agege ta zo. Na rage mata tsawo, na kuma sauya sunan yarinyar.

"Assalamu alaikum, Anti. 'Yata ta fari, Nana, shekararta 16, tana aji biyu a babbar sakandare. Tun bara ta ɗauki karatun wasu littattafan Turanci da zafi. Kuɗin tara da nake ba ta ba ta ci, adanawa take ta ba ɗan wana da ke karatu a Yaba ya sayo mata tsofaffin littattafai wajen masu shimfiɗa su a bakin titi. Na tambaye ta me ke ciki, ta ce labaran duniya ne bayan ta lalace: annoba ta share mutane, ko teku ya cinye gari, 'yan tsirarun da suka rage suna neman yadda za su rayu. Makon jiya ina shara na jawo wata jaka a ƙarƙashin gadonta. Tocila, ashana, garin kwaki, sukari, maganin zazzaɓi, da kwafin takardun haihuwar ƙannenta uku. Da na tsare ta sai ta ce, 'Umma, in wani abu ya faru, ina za mu nufa?' Babanta ya ji, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce littattafan masu wasa da tashin alƙiyama ne, za su gurɓata mata aƙida. Ya ba mu mako ɗaya mu fitar da su, in ba haka ba ya cinna musu wuta. Yarinya ce mai salla, ba ta fashin Islamiyya, ba ta taɓa ɗaga mana murya ba. Barcinta dai ba nauyi tun lokacin kullen korona, amma ban ɗauki wannan komai ba. Ni bokona bai yi nisa ba, ba zan iya karantawa in tantance ba. In bar shi ya ƙona? Ko akwai na kirki a cikinsu?" Maman Nana, Agege.

Wa'alaikumus salam, Maman Nana. Allah ya raya miki Nana da ƙannenta, ya yi musu albarka.

Kada a ƙona. Kuma akwai na kirki a cikinsu, har da waɗanda zan so kowace yarinya a Legas ta karanta. Amma kafin mu kai ga littattafai, bari in mayar da ke kan wata magana da kika jefo a ƙarshen wasiƙarki kika wuce. Kin ce barcinta ba nauyi tun lokacin kulle. Ƙanwata, a nan zancen yake.

Ki lissafa. Daren 30 ga Maris 2020 aka rufe Legas. Nana a lokacin ba ta wuce shekara goma ko sha ɗaya ba. Ke ma kin san abin da Agege ta gani a watan Afrilun nan: harkoki sun tsaya cik, mai fita ya nemo na yau yana zaune a gida, sai kuma labari ya bazu cewa 'yan daba na bin unguwa-unguwa suna fasa gidaje. Maza suka fito bakin layi da adda da gora, ana ƙona taya har asuba, mata da yara na ɗaki a kulle, ana jiyo ihu daga nesa ba a san na mene ne ba. Mu manya da gari ya waye muka yi ta mayar da zance a tsakaninmu har abin ya sauka daga ƙirji. Yaro fa? Cewa aka yi da shi, "Kwanta, ba komai," alhali warin taya na shigowa ta taga. Nana ta ga ranar da manya suka tsorata, kuma ba wanda ya zauna ya yi mata bayani. Littattafan nan bara suka shigo gidanki, tsoron kuwa ya riga su da shekaru. Ruwa ba ya tsami banza.

Ni ba a takarda na koyi wannan ba. Ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002 muna zaune a Shogunle. Da yamma ma'ajiyar makamai ta kama da wuta a Ikeja, bama-bamai suka yi ta tashi, gilasan tagogi na zubewa, ƙasa na girgiza. Wasu na cewa juyin mulki ne, wasu na cewa yaƙi ya zo. Na saɓa goyo, na kama hannun ɗana mai shekara shida, muka bi ayarin mutane ban san inda muka dosa ba. A cikin turmutsutsun nan hannunsa ya suɓuce daga nawa. Har yau in na tuna sai in ji tafin hannuna wayam. Washegari aka fara cewa waɗanda suka nufi wajen Oke-Afa sun auka cikin magudanar ruwan da ciyawa ta lulluɓe, a duhu sun zaci ƙasa ce. Sama da mutum 1,000 suka rasu a wannan masifa, da yawansu yara. Babansa can ya tafi yana duba gawawwaki. Sai a rana ta uku muka same shi a Mushin, a ɗakin wata Bayarabiya mai sayar da burodi. Ta tsince shi da silifas ƙafa ɗaya, ta yi masa wanka, ta sa masa rigar ɗanta, ta bar tallarta tana yawo da shi masallatai tana cigiya. Abin da ya hana a same mu da wuri, yaron bai san sunan layinmu ba, mahaifinsa ma "Baba" kawai ya san ana ce masa. Wayar hannu kuwa a lokacin sai wane da wane.

Yaron nan ya yi kusan shekara biyu in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ya shige ƙarƙashin gado. Ni kuma tun daga ranar akwai wata leda a ƙasan akwatina, takardunmu da 'yan kuɗi na ciki. Shi ya sa da na karanta zancen jakar Nana hankalina bai tashi ba, tausayinta ne ya kama ni. 'Yar fari ce da ta ɗauki nauyin ƙannenta a zuciya ba wanda ya sa ta. Ki sake duba abin da ta zuba a ciki: takardun haihuwar ƙannenta, su uku, ba ta manta ko ɗaya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Annabi Yusuf, alaihis salam, shawarar da ya bayar ita ce a yi shekara bakwai ana ajiye hatsi a zangarniyarsa saboda shekaru bakwai masu tsanani, kuma shi ne shugaban masu tawakkali a zamaninsa.

Sai maganar Baban Nana. Kada ki ɗauke shi mai zafin kai. Uban da ya ji an ce 'yarsa na karanta labarin ƙarshen duniya daga alƙalamin waɗanda ba su yi imani da abin da ya yi imani da shi ba, in bai damu ba shi ne abin tsoro. Abu biyu ne kawai suka cakuɗe masa. Tashin alƙiyama saninsa na wurin Allah shi kaɗai, kuma bayansa babu sauran noma ko kasuwa, sai hisabi. Abin da yawancin littattafan nan ke bayarwa kuwa rugujewar zaman jama'a ne: wuta ta ɗauke ba ta dawo ba, asibiti ya rufe, kasuwa ta watse, hukuma ta ɓace, amma rana na fitowa, ana haihuwa, ana jin yunwa. Wannan ya sha faruwa a idonmu. Ki tambayi wanda ya baro Bama da ƙafa a 2014, ko Baga a 2015, ko mutanen Maroko da aka rushe unguwarsu kaf a Yulin 1990 a nan Legas. Duniyarsu ta watse a yini ɗaya, alƙiyama kuwa ba ta tsaya ba. Marubucin kirki tambaya ɗaya yake bi: in haka ta faru, wa zai ci gaba da zama mutum? Wa zai tsinci ɗan wani ya yi masa wanka?

Irin wannan ƙagen ma ba na Turawa ne su kaɗai ba. Ibnun Nafis, likitan nan na Alƙahira da ya rasu a 1288, wanda ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu daga wannan ɓangaren zuciya zuwa wancan, malamin fiƙihu ne kuma, ya rubuta ƙagaggen labari mai suna Risalatul Kamiliyya. Labarin wani mutum ne da ya tashi shi kaɗai a tsibiri, ya gano Mahalicci da buƙatar annabawa da tunaninsa, har labarin ya kai ga ƙarewar duniya da tashin matattu. Don ƙarfafa aƙida ya rubuta shi. A Hausa ma muna da namu. Gandoki na Bello Kagara, tun 1934, ya kai mu ƙasashen aljanu, Umaru Dembo kuma a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a wata, ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda aka ɗauki yaro aka yi yawon sararin samaniya da shi. A makaranta aka karantar da su, ba wanda ya bar salla saboda su.

Duk da haka ba zan ce miki duk abin da ɗan wanki ya kwaso a Yaba alheri ne ba. Akwai na banza, jini da batsa kawai. Akwai kuma masu kyau da ba su dace da yarinya mai ƙarancin barci ba. Bari in faɗa miki waɗanda na sani.

Ki ce Nana ta nuna miki ko akwai mai suna Parable of the Sower, wato misalin mai shuka. Ina kyautata zaton yana nan, don jakar nan kamar daga cikinsa ta fito. Octavia Butler ce ta rubuta shi a 1993, baƙar fata Ba'amurkiya wadda mahaifiyarta aikatau take yi a gidajen Turawa. Ta fara labarin a shekarar 2024, a wata unguwa kusa da Los Anjelas da aka kewaye da katanga saboda ɓarayi. Ruwa ya fi fetur tsada, 'yan sanda da 'yan kwana-kwana sai an biya su suke zuwa, masu digiri na zaune ba aiki. Mu da muke sayen jarka a hannun 'yan garuwa, muke kulle ƙofar layi da dare, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Yarinyar labarin, Lauren Olamina, ki ji sunan kamar na maƙwabtanmu Yarabawa, shekararta 15. Ta lura katangar nan ba za ta dawwama ba, sai ta shiga karanta littattafan babanta kan tsirran da ake ci a daji, ta ƙudurta haɗa jakar ko-ta-kwana. Ta faɗa wa ƙawarta, ƙawar ta tsorata ta kai ƙara, magana ta iso kunnen baban Lauren, wanda limamin coci ne. Abin da uban nan ya yi shi nake so Baban Nana ya ji. Ya yi mata faɗa, amma bai hana ta haɗa jakar ba. Ya nuna mata cewa koya wa mutane abin yi ya fi firgita su amfani, ya ce a kawo maganar jakar a matsayin shirin girgizar ƙasa, don kowa ya karɓa ba tare da tashin hankali ba. Daga baya unguwar ta ƙone, Lauren ta kama hanyar arewa da ƙafa, tana tsintar mutane a hanya, baƙi da farare, mai goyo da maraya, har suka zama jama'a guda. A cikin jakarta akwai irin shuka. Duk lokacin da na zo wurin nan sai in tuna hadisin da Imam Ahmad ya ruwaito daga Anas, inda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce in alƙiyama ta zo alhali ɗayanmu na riƙe da dashen dabino, in zai iya dasawa kafin ta tsaya, to ya dasa.

Ga kuma inda damuwar maigidanki take da tushe, ba zan ɓoye miki ba. Lauren ta bar addinin babanta ta ƙago wata aƙida tata, inda take ɗaukar canji a matsayin ubangiji, kuma baitocin aƙidar na warwatse a littafin. A wurinmu wannan ɓata ne, babu kwana-kwana. Akwai kisa da fyaɗe a ciki, da zaman mace da namiji ba aure. Ni dai ra'ayina, yarinya mai shekara 16 da ke zuwa Islamiyya ta isa a zauna da ita a ce, "Wannan wurin marubuciyar ta yi gaskiya, wannan kuma ta kauce, ga dalili." Gara ta gamu da irin wannan magana tana ɗakinki, ga ke, ga malamarta, da ta gamu da ita gobe a jami'a ba wanda za ta tambaya.

Wanda na fi so mata a yanzu shi ne Station Eleven na Emily St. John Mandel, 'yar Kanada, 2014. Wata mura ce ta share kusan kowa cikin 'yan makonni. Amma marubuciyar ba ta tsaya ƙirga gawa ba, ta tsallaka shekara ashirin gaba, ta bi wani ayarin makaɗa da 'yan wasan kwaikwayo da ke yawo ƙauye-ƙauye, dawakai na jan tsofaffin motocin da aka cire wa inji. A wani filin jirgin sama da mutane suka mayar gari, wani dattijo ya jera wayoyin hannu da katunan banki da kwamfutoci yana nuna wa yaran da aka haifa bayan annoba, yana yi musu bayanin yadda ake danna abu a bango ɗaki ya haskaka. Mugun labarin wani mai da'awar annabta ne da ke tara ƙananan 'yan mata, kuma littafin bai yi masa ado ba ko kaɗan. Wanda ya gama shi yakan tashi yana kallon famfo da ƙwan lantarki da godiya. Ga mai fama da tsoro, wannan magani ne.

Na gida kuma akwai. Nnedi Okorafor, wadda iyayenta Ibo ne aka haife ta a Amurka, ta rubuta The Shadow Speaker a 2007 musamman don matasa. A Nijar labarin yake, a shekarar 2070, wata yarinya Musulma mai suna Ejii ce ke ratsa hamada a kan raƙumi mai magana. Akwai siddabaru irin na tatsuniya a ciki, kamar yadda yake a Ruwan Bagaja. Suyi Davies Okungbowa kuma a 2024 ya fitar da ɗan gajeren littafi, Lost Ark Dreaming: teku ya cinye Legas, waɗanda suka tsira na zaune a wani dogon bene da ke tsaye cikin ruwa, masu hali a sama suna shan iska, talakawa a hawan da ke ƙarƙashin ruwa. Duk wanda ya san Bar Beach da can, ya ga yadda aka cike wurin da yashi aka kafa Eko Atlantic, ya kuma ga yadda ruwa ke shiga ɗakunan talakawa duk damina, zai gane inda marubucin ya dosa. Ita Okorafor tana da wani, Lagoon, 2014, inda baƙi daga wata duniya suka sauka a tekun Bar Beach ɗin, gari ya rikice. Legas ce sak a cikinsa, da cunkosonta da surutunta, amma akwai iskokin gargajiya da harkokin bariki, don haka a bar shi sai ta ƙara girma.

Ki sa a nemo mata Sultana's Dream, mafarkin Sultana, ko a intanet ana samunsa, bai fi a karanta a zama ɗaya ba. Wata Musulma 'yar Bengal, Rokeya Sakhawat Hossain, ta rubuta shi tun 1905: ƙasar da mata masu ilimi ke girki da zafin rana, suna tatso ruwa daga gajimare, maza kuma su ne a kulle. Matar nan daga baya makarantar 'yan mata Musulmi ta buɗe. Ina so Nana ta san cewa mai lulluɓi irinta ta yi wannan hasashen shekara fiye da 100 da suka wuce.

Waɗanda zan ce a ɗage mata su tukuna: Who Fears Death na Okorafor, 2010, saboda fyaɗe da kisan ƙare dangi da ke cikinsa, Rosewater na Tade Thompson, da ya sa Najeriya a 2066, saboda na manya ne, da Utopia na likitan Masar Ahmed Khaled Towfik, 2008, inda 'ya'yan masu kuɗi ke fita daga unguwarsu mai katanga suna farautar talaka don nishaɗi. Sai The Road na Cormac McCarthy, 2006, wanda ya ci babbar kyautar adabin Amurka ta Pulitzer a 2007. Wannan ya fi ba ni wahalar hanawa, don ban taɓa karanta littafin da ya nuna son uba ga ɗansa kamarsa ba. Uba da ɗa ne ke tura keken zuba kaya na kanti cikin toka da sanyi, sun nufi bakin teku, komai ya ƙone. Uban ba ya yarda da kowa, yaron kuwa duk wanda suka gani sai ya roƙi a taimake shi, har ya sa suka ciyar da wani tsoho daga ɗan abin da ya rage musu. Amma akwai masu cin naman mutane a ciki, ni kaina sai da na yi kwanaki ina ganin wani wuri a ido. In yana cikin tarin Nana, ki karɓa ki ajiye mata, ki faɗa mata dalili. Da Baban Nana na karatun Turanci, shi zan ba.

Kin ce bokonki bai yi nisa ba. Wannan ba zai hana ki komai ba, wataƙila ma shi ne zai taimake ku. Gobe in kina gyaran kayan miya ki kira ta, ki miƙa mata albasa, ki ce, "Nana, ba ni labarin wanda kike karantawa, da Hausa." Kada ki yi shi kamar tuhuma. Ki saurara yadda muke sauraron tatsuniya, ki tambaye ta wa ya taimaki wa, wa ya ci amana, ita da tana wurin me za ta yi. Labarin da yarinya za ta iya ba uwarta ba ta sunkuyar da kai ba, da wuya ya zama na ɓarna. Inda ta yi in'ina ko ta tsallake, kin gane akwai abin dubawa. Kuma tsoron da aka mayar da shi Hausa aka faɗa a gaban murhu, ƙanne na kai da kawowa, ba ya kai girman wanda aka haɗiye shi da Turanci ƙarfe biyun dare. Doka ɗaya zan so ki kafa: irin waɗannan littattafai da rana ake karanta su. Bayan isha'i sai azkar da barci. Ki kuma sa ta riƙa cakuɗawa da wasu, tarihi, sira, labaran ban dariya, kada cimarta ta zama iri ɗaya.

Shi kuma maigida, kada ki tare shi a gaban yara, kada kuma ki fara da kare littattafai. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki ɗauko jakar ki ajiye a gabansa, ki zaro takardun haihuwar nan ɗaya bayan ɗaya ya gani da idonsa. Ki ce, "Malam, yarinyar nan tsoro take ji, mu take tsoron rasawa." Uba in ya ga haka zuciyarsa kan yi sanyi. Sannan ki roƙe shi alfarma: maimakon wuta, littattafan su zauna a hannunsa amana, a kira ɗan wanki da malamar Islamiyyarta ko wani mai ilimin addini da boko da ya yarda da shi, a duba su, mai kyau a mayar mata, wanda bai dace ba a mayar Yaba a musanya. Haka maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba, ita ma ba a karya mata zuciya ba. Ki tuna masa a hankali cewa in aka ƙona na takarda suna nan a waya, sai dai ta koma karantawa a ɓoye cikin bargo, kuma daga ranar ba za ta ƙara kawo muku abin da ke ranta ba.

Zancen barcin nan kuma kada ki sake ɗaukarsa ba komai ba. Ki sa ido. In tana firgita cikin dare, ko ƙirjinta na bugawa ba dalili, ko ta rage cin abinci, ko ta fara ƙin fita makaranta don kada wani abu ya same ku ba ta nan, ki kai ta wurin likita ki faɗi komai yadda yake, har da tun lokacin da abin ya fara. Damuwa ciwo ce kamar sauran, ana maganinta, kuma zuwa asibiti ba ya hana addu'a da tofi. Ni da na sani a 2002 da ban bar ɗana ya shekara biyu yana shiga ƙarƙashin gado ba.

Saura tambayar da ta yi miki, wadda har yanzu ba a amsa mata ba: in wani abu ya faru, ina za mu nufa? Ku amsa mata, da bakin Babanta in zai yiwu. Ku zauna gaba ɗaya ranar da yake gida, ku tsayar da wuri ɗaya a unguwa da kowa zai nufa in an rabu, masallacin da yara suka sani, da gida ɗaya na dangi a wajen Agege. Kowane yaro ya haddace cikakken sunan babansa, sunan layinku, da lambar wayarki da tasa, har autan, a riƙa tambayarsa kamar karatun allo. Su san 112 da 767, lambobin agajin gaggawa na Legas, kyauta ake kira. Nana ita za a ba aikin koya wa ƙannenta, za ki ga yadda kafaɗunta za su sauka. Jakar kuma a fito da ita daga ƙarƙashin gado, ta koma ɗakinki ta zama ta gida, a ƙara kwafin takardunku ke da Babanta da 'yan kuɗi tsaba, kin dai tuna wahalar takardun kuɗi a farkon 2023. Ki rubuto min bayan makon nan in ji yadda kuka ƙare. Garin kwakin a riƙa sauya shi kada ya yi ƙwari, ashanar kuma a ƙulle ta a leda saboda damina.